Awa tara a jirgin ƙasa da jakar littattafai

Jirgin ƙasan da zai kai ni taron masu rubuta manhaja ya tashi da hantsi, kuma da yake tafiyar ta awa tara ce, sai na cusa littattafai uku a jaka, ciki har da Introduction to Algorithms, wanda ya haura shafi 1,000, tun daga tasha kuwa kafaɗata ta fara gaya mini nauyinsa. Ban kai ga buɗe shi ba sai wani saurayi da ke zaune a gabana ya hango bangonsa, ya gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, ko da wannan ya kamata in fara? An ce mini duk wanda bai karanta shi ba, bai fara komai ba."

Da na tambaye shi inda ya kai, sai ya ce sati uku ke nan da ya sauke Python, wani yaren rubuta manhaja, a kwamfutarsa. Na miƙa masa littafin ya buɗe tsakiya, ya faɗa kan shafin da ke cike da alamomin lissafi, ya bi layi ɗaya da yatsa har sau biyu, daga nan ya rufe a hankali, jikinsa a sanyaye. Na san wannan halin, domin ina ɗan koyo wani na gaba da ni a wurin aiki ya ba ni juzu'in farko na The Art of Computer Programming na Donald Knuth, wanda ya fito a 1968, na kwashe wata biyu ina ganin kaina dakiki, alhali kuwa lokacin karanta shi ne bai yi mini ba. Misalan cikinsa ma da yaren wata kwamfuta da marubucin ya ƙago, mai suna MIX, aka rubuta su.

Na ce masa ya nemi Automate the Boring Stuff with Python na Al Sweigart, wanda ya fito a 2015 kuma ana karanta shi kyauta a intanet, saboda yana koya wa mutum abin da zai amfane shi nan take, kamar sauya sunayen ɗaruruwan fayiloli a lokaci guda. Idan kuma ya fi son karatu daki-daki, akwai Python Crash Course na Eric Matthes, wanda rabinsa na farko tushe ne, na biyun kuma ayyuka ne da ake ginawa. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa, wato ya buga kowane misali da hannunsa, kada ya kwafa.

Bayan azahar jirgin ya tsaya a wata ƙaramar tasha kusan awa guda ba tare da an yi mana bayani ba. A nan wata mata ta shigo, ta ji zancenmu, ta ce shekararta uku tana wannan aiki, kuma damuwarta ita ce manhajar da ta rubuta tana aiki, amma tsoron taɓa ta take yi. Ta juyo mini da kwamfutarta, sai ga lissafi guda an maimaita shi a wurare huɗu, an gyara uku an manta da na huɗun. Na ce, "Malama, kin wuce littafin koyon yare." Mai irin wannan matsala Refactoring na Martin Fowler ya kamata ya riƙa, wanda bugunsa na 1999 da yaren Java yake misali, na 2018 kuma da yaren JavaScript, domin yana nuna yadda ake gyara tsarin rubutu kaɗan-kaɗan, ana gwaji bayan kowane mataki, ba tare da an sauya abin da manhajar ke yi ba. Na haɗa mata da The Pragmatic Programmer na Andrew Hunt da David Thomas, shi ma na 1999, wanda ya yi suna wajen hana irin wannan maimaici. Ta tambaye ni game da The C Programming Language na Kernighan da Ritchie, na ce siririn littafi ne da ya dace da ita sosai, ko da yake ba zan ba saurayin nan shi yanzu ba, tunda marubutan sun ɗauka mai karatu ya riga ya san tushen aikin.

Da rana ta faɗi, na ɗauko nawa karatun, wato The Mythical Man-Month na Fred Brooks, wanda ya fito a 1975 daga abin da ya gani yana jagorantar aikin OS/360, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, a kamfanin IBM. Hujjarsa cewa ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa jinkiri yake yi, sai wanda ya taɓa shugabantar ma'aikata ne zai ji zafinta.

Ana saura kaɗan mu isa, saurayin ya taɓa ni, ya nuna mini saƙon kuskure a fuskar kwamfutarsa. Ɗigo biyu ya manta a ƙarshen layi na huɗu. Ya saka su, ya sake gwadawa, sunayen hotunansa suka sauya gaba ɗaya, daidai lokacin da fitilun tasha suka fara bayyana ta taga.