Abin da na koya wurin ɗanɗana man zaitun a Italiya

A shekarata ta biyu ta karatun kimiyyar abinci a Italiya aka ce kowane ɗalibi sai ya yi darasin ɗanɗano. Yawancin 'yan ajinmu suka tafi ɓangaren giyar inabi, ni kuwa da ba na sha na zaɓi man zaitun. Da shigata ajin na ɗauka na san abin, tunda tun ina yaro ba a raba ɗakin Umma da 'yar kwalbar zaitun, a shafa wa mai ciwon gaɓoɓi, a ɗiga wa mai tari a cokali.

Kofin da ake amfani da shi ƙarami ne, shuɗi mai duhu, an rufe bakinsa da ɗan faifan gilashi. Shuɗin na hana ido ganin launin man ne, domin kore ko ruwan zinare ba ya nuna kyau ko rashinsa. Ana ɗumama man ya kai kusan digiri 28, sai ka buɗe ka shaƙa, ka kurɓi kaɗan ka baza shi a baki, sannan ka ja iska ta tsakanin haƙora da ƙarfi. Tsakanin kofi da kofi ka ci yankan tuffa ka kuskure baki. Ba a shafa turare ranar, ba a shan kofi gab da zama. Hukumar zaitun ta duniya da ke Madrid ce ta tsara waɗannan ƙa'idoji, kuma a wurinta hukunci na mutum 8 zuwa 12 ne, kowa a keɓe, ba mai leƙa takardar wani.

Makon farko ba a ba mu mai mai kyau ba ko sau ɗaya. Gurɓatattu aka jera mana don hanci ya san su. Akwai wanda aka tara 'ya'yansa a buhu suka yi zafi kafin a kai injin matsa, akwai mai warin fumfuna, akwai mai tsami, akwai wanda ya tsufa iska ta ɓata shi. Ina buɗe wannan na ƙarshen sai na ji ni a ɗakin Umma, har da ƙamshin turaren wuta a raina. Na rubuta a takardata cewa ba shi da aibu. Malamarmu, wata dattijuwa 'yar yankin Liguriya da ke arewacin Italiya, ta tsaya a kaina ta tambaye ni dalili. Na ce mata ai haka man zaitun yake, haka na san shi tun tasowata. Ba ta yi dariya ba. Ta ce da yawa daga ɗalibanta 'yan Italiya ma haka suke zuwa, hancinsu ya saba da man da kaka ta ajiye shekara biyu a kusa da murhu.

Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Kwalbar da muke girmamawa, wadda wataƙila ta yi watanni a rana kafin ta iso hannunmu, ashe man cikinta ya daɗe da juyawa. Man zaitun ruwan 'ya'yan itace ne, haske da zafi da iska suna cin sa, kuma tsufa ba ya ƙara masa komai.

Daga nan muka shiga kwatanta yankuna, kuma a nan na fi shan wuya. Man Liguriya, na irin zaitun da ake kira Taggiasca, laushi gare shi, da ɗan garɗi kamar na ɗanyar gyaɗa. Nan take na so shi. Na Tuskani, da ake haɗa Frantoio da Moraiolo da Leccino, ƙamshin ɗanyar ciyawa yake yi, irin wadda aka yanko da safe. Na Sisili kuwa, musamman Tonda Iblea, wallahi kamar ka murza ganyen tumatir a tafin hannu. Sai aka zo kan Coratina ta yankin Puliya, can kudu, inda mafi yawan man ƙasar ke fitowa. Ɗaci ya cika min baki, maƙaƙi ya kama min maƙogwaro, na yi tari har hawaye. Na sa masa alamar aibu. A karo na biyu ke nan na faɗi.

Malama ta zaunar da ni bayan an tashi. Ta ce a takardar abubuwan yabo uku ne kacal: ƙamshin 'ya'yan itacen, ɗaci, da yajin nan na maƙogwaro. Ɗacin da yajin daga sinadaran da ke kare man daga lalacewa suke, shi ya sa Coratina ke daɗewa fiye da Taggiasca. Sinadarin da ke sa tarin sunansa oleocanthal. A 2005 masana a Amurka suka wallafa cewa yana aiki a jiki kusan yadda maganin ibuprofen ke yi, bayan ɗayansu, Gary Beauchamp, ya ɗanɗana sabon mai a Sisili ya ji maƙaƙin ya yi masa kama da na maganin. Sannan ta ce min, "Ba a tambaye ka wanda kake so ba. An tambaye ka me ke cikin kofin."

Raba waɗannan biyun shi ne aikin da ya ci min watanni. Har yau in za a ba ni zaɓi a kan kifi, Taggiasca zan ɗauka. Amma in na zauna da takarda, dole in ba Coratina haƙƙinta, domin makin da na rubuta yana iya taɓa kuɗin manomin da ya yi shekara yana wahala. Man da za a kira extra vergine, wato mai daraja ta ɗaya, sai sinadarin tsaminsa bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, kuma masu ɗanɗano ba su samu aibu a cikinsa ba. Mutanen Puliya kuma suna da nasu ciwon: tun 2013 cutar Xylella ta bayyana a Salento, kudancin yankinsu, ta busar da itatuwa miliyoyi, wasu sun girmi kakannin masu su. Wanda ya tsira da gonarsa bai cancanci a kayar masa da mai don harshen wani bai saba da ɗaci ba.

Da na zo hutu na taho wa Umma da ƙaramin gwangwani na Coratina, matsar watan Nuwamba. Na zuba mata a cokali ina fargabar kada ta ce na kawo mata abin da ya lalace. Ta shinshina tukuna, kamar yadda take yi wa man gyaɗa in mai ƙuli-ƙuli ta aiko da shi, sannan ta lasa. Ta yi tari sau biyu, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Kai, wannan sabon matsa ne." Ta tashi ta ɗauko tsohuwar kwalbarta daga kan taga, ta shinshina su ɗaya bayan ɗaya, ta ce in sa mata sabon a cikin kwaba inda rana ba ta kaiwa.