Jika 43 na kashe kafin in gane rediyona ba shi da laifi

Har yanzu in na tuna ranar da na miƙa rediyona ga mai gyara sai raina ya ɓaci. Lafiyarsa ƙalau. Ni na ɗora masa ciwon da ba shi da shi, kuma da kuɗina aka lalata mini shi.

Sikana ce ta hannu, wato rediyon da ke yawo da kansa yana neman inda ake magana, ta gwanjo, yayana ya zo mini da ita daga Kwatano. Tun ina yaro nake son jiragen sama, shi ya sa kullum ina sauraren zangon da suke magana a kai, daga megahaz 118 zuwa 137. Filin jirginmu na Maradi ba ya cika samun zirga-zirga, amma samanmu ba ta rabo da masu wucewa, musamman da dare. Jirgin da ke tafiya a tsayin mita dubu 10 ana iya jin sa daga nisan kilomita 400, Kano kuwa ba ta kai haka ba, balle Katsina da ke nan kusa. Hasumiyar filin jirgi da ke ba matuƙa umarni daga ƙasa ba za ka ji ta ba in ta yi nisa, matuƙin kawai za ka ji yana amsawa, wani da Ingilishi wani da Faransanci. Hakan ma ya ishe ni hira bayan sallar isha'i.

Na haɗa eriya da kaina da wayar jan ƙarfe, tsinke ɗaya a tsaye mai santimita 57, ƙafafu huɗu suna kallon ƙasa, na ɗaure ta a bututun ƙarfe a saman ɗakina a unguwar Zariya. Ta yi aiki tun daren farko. Da na tsaya nan da ban rubuta wannan ba.

Akwai muryoyin da nake ji can ƙasa-ƙasa cikin shuuu, ina jin mutum na magana amma ban iya tsintar kalma. Su suka hana ni sakat. Na shiga babbar kasuwa wajen masu kayan talabijin, aka ba ni amfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, irin wanda ake sa wa eriyar talabijin, jika 12. Na dawo na jona shi a kan tebur, dab da rediyon. Ina kunnawa sandunan sigina suka cika taf, na yi ta murna. Minti biyu bayan haka na fara jin tallan magani a kan 121.5, wurin da aka keɓe wa jirgin da ya shiga hatsari. Na matsa gaba, kiɗan kalangu. Na ƙara matsawa, wa'azi da gaisuwar masu sauraro a cakuɗe, duk a shaƙe kamar daga cikin tulu. Sikanar ta daina yawo, duk inda ta taka sai ta tsaya, don a wurinta ko'ina akwai magana. Jiragen da nake ji garau a da, su ma suka ɓace.

A nan ne na yi tunanin da ya ci mini kuɗi. Na ce amfilin ne ƙarami, ba na kirki ba. Na yi saƙo Kano aka kawo mini wani, an rubuta masa 30 dB a jiki, wato yawan ƙarfin da yake ƙarawa, jika 25. Abin ya ƙara muni. Sai na juya kan rediyon, na ce ai dama gwanjo ne, wani abu ya mutu a cikinsa.

Mai gyaran bai tambaye ni komai ba game da eriya ko abin da na jona. Ya kwance bayan rediyon, ya ɗauki ɗan sukudireba, ya shiga murɗa ƙananan dunƙulen nan da ke cikin gwangwanayen ƙarfe a kan allon, yana kasa kunne. Ina tsaye ina kallo, ban ce uffan ba, don na ɗauka ya san abin da yake yi. Waɗannan abubuwa a masana'anta ake daidaita su da na'urar awo, ba da kunne ba. Ɗaya ma na ji ƙas, ya tsage. Ya karɓi jika 6. Na dawo gida, tallan magani yana nan inda na bar shi, kuma tun daga ranar duk abin da ke sama da megahaz 400 rediyon ba ya jin sa sai in yana kusa ƙwarai.

Wata uku ina cikin wannan hali. Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne da muke sallah masallaci ɗaya, ya yi shekaru yana aikin injinan watsa shirye-shirye kafin ya yi ritaya. Na ba shi labari a bakin masallaci, ya ce in ya yi la'asar zai leƙo. Da ya zo bai taɓa amfilin ba. Ya fita tsakar gida, ya ɗaga kai, ya nuna mini dogon ƙarfen wata tashar FM da nake gani kullum ban taɓa kawo shi a raina ba. Bai kai kilomita ɗaya da gidana ba.

Ya ce, "Ɗana, danna maɓallin nan da aka rubuta ATT."

Na ce, "Baba, ai wannan rage sigina yake yi. Ni ƙari nake nema."

Ya ce, "Danna dai."

Na danna. Kiɗan ya yi ƙasa, sai ga muryar matuƙi ta fito daga ƙarƙashinsa yana faɗin tsayin da yake. Na rage ƙarfi, na ƙara ji. Jikina ya yi sanyi, don nan take na gane inda jika 43 ɗina suka tafi.

Ya zauna a kan tabarma ya yi mini bayani da biro a bayan kwalin amfilin. Amfili ba ya zaɓe. Duk abin da eriya ta kwaso shi yake ƙarawa. Wanda ke da 20 dB yana ninka ƙarfi sau 100, mai 30 dB sau 1000. Tashoshin FM suna tsakanin 87.5 da 108, wato maƙwabtan jirage ne na ƙut da ƙut, kuma eriyar da na yanka don 125 tana kama su sosai. Muryar jirgin da ke nisan kilomita 300 raɗa ce, tashar da ke bayan gidana kuwa ihu ce a cikin kunne. Na ɗauki ihun na ninka shi sau dubu na ɗura wa ɗan rediyon hannu. In ƙofar rediyo ta cika ta batse, abu biyu ke faruwa. Na farko ya kurumce, ya daina jin masu rauni. Na biyu siginonin su gauraya a cikinsa su haifi wasu na ƙarya. Ya rubuta mini misali: a ce wata tasha tana kan 107, wata kan 95. Ninka 107 ya ba ka 214, cire 95, saura 119. Ga ka a cikin zangon jirage, kana jin abin da babu wanda ya watsa shi a can. A cikin amfilin da rediyon aka ƙera shi. Tashar ba ta yi laifin komai ba, a gurbinta take.

Ya ce abin da nake bukata rariya ce, wato filta, wadda za ta tare FM ta bar sauran su wuce. Kafin in samu ta saye, ya nuna mini ta talaka. Ana samun mahaɗi mai baki uku, a sa shi a kan wayar eriya, a baki na ukun a rataya guntuwar waya irin ta eriya, a bar ƙarshenta a buɗe ba a jona shi da komai ba. In tsawonta ya yi daidai da rubu'in tsawon igiyar siginar tashar da ke damun ka, sai ta shanye ta. Da wayar farabol, RG-6, lissafin tsakiyar FM yana faɗawa wajen santimita 63 zuwa 65. Da siririyar RG-58 kuwa wajen 50 ne, don sigina ta fi tafiya a hankali a cikinta.

Mun fara da santimita 70. Na cire amfilin gaba ɗaya, na sa rediyon a kan tashar, ya riƙe wayar ni kuma ina datsa da filaya, rabin santimita rabin santimita. Duk datsa ɗaya sai mu dubi sanduna. Guntayen farar roba suka taru a kan tabarma, uwargida ta leƙo ta ga dattijo da magidanci sun duƙufa a kan guntuwar waya, ta ajiye mana ruwa ta koma. Can sai sanduna suka fara sauka, biyar, huɗu, biyu. Ya ce, "Tsaya nan. In ka wuce ba a mayarwa." Kuɗin wannan duka bai kai jika ɗaya ba. Jika ɗaya, bayan 43.

Guntuwar waya tana da nata aibin. Bakinta da faɗi, tana ɗan taɓa farkon zangon jirage, kuma tasha ɗaya take kamawa da kyau, alhali garin nan tashoshi sun yi yawa. Daga baya na yi odar filtar FM ta gaske, 'yar ƙarama kamar kwalin ashana, da ƙaramin amfili mai ƙarancin hayaniya wanda aka yi don rediyo. Yadda na jera su yanzu: eriya, sai filta, sai amfili, dukansu a sama cikin robar da ruwa ba ya shiga, sannan doguwar waya ta sauko ɗaki. Wutar amfilin ta cikin wayar take hawa. Filta a gaba take, ko da tana cin ɗan abu kaɗan daga siginar, don in FM ta riga ta shiga amfili ta yi ɓarnarta, rariyar da ke bayansa ba ta iya tace abin da ya riga ya gauraya. Amfili kuma a sama yake da amfani, kafin waya ta ci siginar. A kan tebur inda na fara ajiye nawa, abin da ya rage bayan asara yake ƙarawa, har da shuuu ɗin.

Maganar waya ma na yi sakaci da ita. Mita 20 na RG-58 a wannan zango suna cin kusan rabin ƙarfin siginar. Na canza zuwa RG-6 mai kyau, wadda ke ko'ina a kasuwa saboda masu farabol. Wasu za su ce ba su dace da juna ba, don a ma'aunin om ita 75 ce, rediyon kuma 50. Ga mai saurare kawai bambancin bai kai a damu da shi ba, ni dai riba na gani. Gaskiyar da zan faɗa, da filta da sabuwar waya kaɗai na samu mafi yawan abin da nake nema. Amfilin ɗan ƙari ne a kan muryoyin can nesa, kuma akwai daren da nake kashe shi ban ji na rasa komai ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne kuran. Wata rana aka ɗauke wuta ina cikin saurare da batir, sai shuuu ɗin ya faɗi warwas, muryoyi suka fito tas. Da aka dawo da ita na bi gidan ina kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Cajar waya ta arha guda biyu da ƙwan fitila na zaure su ne masu ƙugin. Na canza su, na kuma nisanta wayar eriya daga injin sola. Duk wannan hayaniya ita ma tsohon amfilin ninka ta yake yi, ni kuma ina zagin rediyo.

Da damina ta kama, da na ga hadari ya haɗo nake cire wayar daga rediyon in ajiye bakinta nesa, don ƙarfe a saman ɗaki ba abin wasa ba ne. Kuma ni saurare kawai nake yi, jirage da masu rediyon sha'awa. Abin da ya shafi jami'an tsaro ba na zuwa kusa da shi, ba na kuma ba kowa shawarar ya je.

Amfilin nan biyu suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Wani matashi ya zo zai sayi babban, na tambaye shi unguwarsu, ya faɗa, na ce ya je ya duba ko yana hango ƙarfen wata tasha daga gidansu, ya kuma danna ATT ya ji. Bai dawo ba, ina fata ya gane. Abin da ya rage mini shi ne saman zangon da aka kashe mini da sukudireba. Baba ya ce sai an samu mai na'urar awo da takardar gyaran wannan samfurin, a sake daidaita shi ɗaya bayan ɗaya, a kuma nemo madadin dunƙulen da ya tsage. An yi mini kwatancen wani a Kano. In Allah ya kai mu bayan girbi zan kai shi da kaina, kuma wannan karon sai na ga na'urar da idona kafin in bari a kwance ko da ƙusa ɗaya.