Abin da ɓuntun shinkafa ya koya mini game da wuta

Bayan na kammala karatun kimiyyar sinadarai, aikina na farko a wani ƙaramin kamfani ne a gefen Kano, inda ake cura gawayi daga ɓuntun shinkafa. Duk wanda ya bi ta Kura ya san yadda ɓuntu ke tsibi-tsibi a bayan injinan casa, wani lokaci a cinna masa wuta ya kwana yana hayaƙi. Mu kuwa sai mu ƙona shi a cikin durom, mu hana shi isasshiyar iska har ya yi baƙi, mu niƙa, mu kwaɓa da sitacin rogo, inji ya matse, a shanya. Ni aka damƙa wa ɗakin gwaji.

Gwajin bai da wuya, haƙuri yake so. Za ka auna garin a ɗan kasko, ka sa a tanderu mai zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa, abin da ya tafi shi ne danshi. Ka rufe kaskon ka kai shi digiri 900 na minti 7, abin da ya fice shi ne sinadaran da ke tashi su zama harshen wuta da hayaƙi. Ka ƙone wani garin ƙurmus, ka samu toka. Abin da ya rage a lissafi shi ne kabon da ke zama garwashi. Kullum idona yana kan kabon, toka kuwa in rubuta adadinta in wuce.

Wani dattijon maƙeri ne ya juyo da hankalina kanta. Na kai masa buhu guda kyauta, ina fatan ya zama mai sayenmu. Ya zuba a wuta, jikansa ya kama zugazugi, ya cusa ƙarfen fartanya. Wutar ta kama da kyau. Can sai na ga farar toka ta lulluɓe garwashin, iska tana ta bugawa amma jan ba ya ƙaruwa. Ya zaro ƙarfen ya duba, ya mayar, ya sake zarowa. Sai ya ce, "Ɗana, gawayinka yana da kirki, amma ba na maƙera ba ne. Tokarsa ta fi ƙarfin wutarsa." Na ce, "Baba, a ƙara iska mana." Bai amsa ba, ya kwashe nawa, ya ɗebo gawayin ƙirya ya zuba. Kafin in gama kakkaɓe hannuna ƙarfen ya yi jawur.

Da na koma na buɗe littafina, ashe amsar tana nan da rubutun hannuna. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɗanyen ɓuntu toka ne, kuma mafi yawanta silika ce, sinadarin da ke cikin yashi. Idan aka ƙona ɓuntu ya zama gawayi, sauran abubuwa suna tafiya, silika tana nan daram, don haka kasonta sai ya ninka. A gwajinmu takan wuce kashi 40 cikin 100. Ƙirya kuwa itace ne mai tauri da nauyi, tokar gawayinsa kaɗan ce, iska tana isa ga kabon kai tsaye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tokar da ta kore mu daga maƙera ita ta sama mana kasuwa. Masu ɗumama 'yan tsaki da masu shayi wuta mai daɗewa suke so, wadda ba ta ci da sauri, kuma lulluɓin tokar nan shi ke rage mata gudu. A masana'antar siminti ma, kamar ta Ashaka da ke amfani da kwal ɗin Maiganga a jihar Gombe, tokar makamashi ba shara ba ce. A zafin kusan digiri 1450 tana shiga cikin dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti, kuma silika na cikin abin da ake buƙata a can.

Danshi ma ya taɓa ja mana asara. A wani watan Agusta aka ɗure kaya a buhu bai gama bushewa ba, masu saye suka dawo da shi saboda hayaƙi. Sun yi gaskiya. Kowane kilo na ruwa yana cinye kusan megajul 2.3 na zafi (megajul ma'aunin yawan zafi ne) kafin ya zama tururi, ga shi mun auna musu ruwan a sikeli sun biya. Tun daga ranar ba na sa hannu a fitar da kaya sai na fasa curi na taɓa cikinsa.

Daga baya muka fara gauraya ɓuntun da garin gawayin itace da ke taruwa a wurin masu sayarwa, da ɓawon gyaɗa, muna canza awo gwargwadon murhun mai saye. Na kuma nace aka rubuta a jikin kowane buhu cewa kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin iskar kabon monoksaid, gubar da garwashi ke fitarwa, ba ta da wari, kuma a lokacin hunturu ne mutane suka fi toshe tagogi.