Wannan Haɓon Ba Na Hunturu Ba Ne

Ran Asabar da asuba a tashar Bauchi Road, sanyin Jos na yankan kunne, yaron motar da ke ɗaure mini kaya ya sunkuya zai ja igiya, sai jini ya ɗiga a kan buhu. Ya ɗaga kai sama, ya murɗe tishu ya cusa a ƙofar hancin dama, ya ce, "Baba, hunturu ne, kullum haka yake mini." Bai kai shekara ashirin ba. Bakin hancin ya yi ja ya tsattsage, ga ɓurɓushin fari maƙale a gashi. Na ce, "Ɗana, kullum ta gefe guda?" Sai ya yi dariya, ya ce in kawo kuɗin lodi.

Ni ma hunturu na ɗora wa laifi, shekara shida cur. Yadda na fara ba shi da daɗin ji, kuma ba zai amfani kowa ba. Abin da na zuba a hancina dai shi ne taba gari mai kanwa, daga nan ƙwaya dakakkiya, daga nan hodar iblis in aljihu ya yi nauyi. Kuma a kemis nake aiki lokacin, ina karanta takardar cikin kwalin magani kowace rana. Wani lokaci nakan ce ai aikin dare ne ya jawo, ga sanyi, ga babu babban da ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ke sayar da magani ba zai ce bai san ƙwayar haɗiya ba ta shaƙa ba ce.

Bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu, gabansa guringuntsi ne, an lulluɓe shi da fata mai laushi, siririya kamar ɓawon albasa. Daidai inda ɗan yatsa ke kaiwa, nan ƙananan jijiyoyin jini suka haɗu suka yi saƙa, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na haɓo daga wurin yake fitowa. Duk abin da aka shaƙa nan yake fara sauka. Kanwar cikin taba tana ƙona fatar. Ƙwayar tramol ko ta barci, ba magani zalla ba ne a cikinta, akwai sitaci da garin da ke riƙe ta dunƙule, an yi su ne don ciki, a hanci kuwa karce suke yi kamar yashi, su manne su bushe. Sholisho da fetur suna busar da fatar har ta tsage. Hodar iblis ta fi duka mugunta: tana matse jijiyoyin jini, ta kuma kashe jin zafi, sai mutum ya yi ta raunata wurin bai sani ba. Shi guringuntsi ba shi da jijiyar jini tasa, daga fatar da ke kansa yake ci. In fatar ta mutu ta ɓangarorin biyu, shi ma ya mutu, sai rami.

Hunturu na da nasa laifin, ban wanke shi ba. Jos na kan tudu sama da mita 1,200, iskar Disamba da Janairu busasshiya ce, yaran da ba su taɓa shaƙar komai ba ma suna haɓo. Amma haɓon hunturu yana tafiya da hunturu. Nawa har a Agusta yake zuwa, ana ruwa safe da yamma, kuma kullum ta ƙofar da na fi amfani da ita.

Kurakuran da na yi wajen magani sun kusa kai na shaƙar yawa. Ina ɗaga kai sama, jinin ya bi maƙogwaro ya sauka ciki, ya tayar mini da zuciya, ni kuma ina murna ya tsaya. Ina cusa tishu, ya bushe tare da gudan jinin, in zare shi in zaro gudan, a koma gidan jiya. Ina ɓamɓare ɓawon da ke fitowa ciki da farce, saboda yana toshe numfashi, alhali shi ne murfin ciwon. Kai na ciwo in sha asfirin, wanda ke hana jini daskarewa na kwanaki, ko ibufurofen da dikilofenak, su ma ba su da kirki a nan. Ina shafa man zafi cikin hanci wai ya buɗe. Mafi muni shi ne ɗigon buɗe hanci na kemis. An rubuta a jikinsa kada a wuce mako guda, na yi wata da watanni a kansa. Shi ma matse jijiya yake yi, da ya sake sai hancin ya ƙara toshewa fiye da da, ka ƙara ɗigawa. Wato hoda na matsewa da dare, ɗigo na matsewa da rana. Ina fatar za ta samu jini? A nan kam ba ni da uzuri. To, ko da yake, mai toshewar hanci ƙarfe uku na dare ba ya karanta kwali.

Na zauna da niyyar rubuto muku shawara goma, amma yaran yanzu wa zai karanta goma? Bidiyon minti ɗaya ma sai kun tsallake rabinsa.

In jini ya ɓalle, zauna, kada ka kwanta. Sunkuyar da kai gaba kaɗan. Kama tattausan wurin hanci, ƙasa da ƙashin karan hanci, da babban yatsa da manuni, ka matse duka ƙofofin biyu. Numfasa ta baki, tofar da abin da ya gangaro. Minti 10 zuwa 15 da agogo, ba sakewa don leƙawa. Wayar da ba ta barin hannunku, ga ranar amfaninta. Zuba ruwan sanyi a ka ba ya tsayar da komai, matsewar ce ke aiki. Bayan ya tsaya, kwana guda ba fyace majina, ba shayi mai zafi, ba ɗaukar kaya mai nauyi. Ciwon kai, farasitamol. In ka matse sau biyu bai tsaya ba, ko ya kai rabin awa, ko jinin na kwarara ta maƙogwaro duk da matsewar, ko jiri na ɗibarka, ko ƙirji ya ɗauki ciwo bayan hoda, asibiti kai tsaye.

Don fatar ta warke, tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, ba tozo. Ya huce, ka wanke hanci da shi a hankali safe da dare, kullum ka haɗa sabo. Sannan basilin ɗan kaɗan a bakin ƙofar, shafawa kawai, ba cusawa ba. Kuma takardar kuɗin nan da kuke naɗewa don shaƙa kuna miƙa wa juna, in hancin wani na jini, tana iya ɗauko ciwon hanta ta kawo maka.

Duk wannan faci ne. Ka daina, yau. Sai dai in ka daɗe a kan tramol ko ƙwayar barci, kada ka yanke farat ɗaya, musamman ta barcin, yankewarta kwatsam na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Na san na ce yau, kuma na ce ba farat ɗaya ba. Hancin ne zai huta yau, sauran likita ne zai rage maka a hankali. Akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, da ke Lamingo, akwai kuma na ƙwaƙwalwa masu kula da shaye-shaye. Ka faɗa musu abin da ka shaƙa da sunansa. In ka ce hunturu, maganin hunturu za a ba ka. Jijiyar da ta fashe suna iya ƙone bakinta da ɗan tsinke mai magani cikin mintuna kaɗan, amma ba ta riƙewa in gobe ka sake zuba mata gari.

Ramin kuwa ba ya cikewa da kansa, guringuntsi ba ya tofowa. Ko a toshe shi da ɗan maɓallin roba, ko a yi tiyata, ita ma likita ba zai taɓa ka ba sai ka daɗe da dainawa. In ya yi girma karan hancin na iya lotsawa. Alamarsa ta farko ɓawo mai wari da ba ya ƙarewa, da wani siririn fito in kana numfashi, wanda na kusa da kai a sahun asuba yake riga ka ji. Ka shiga ɗaki mai duhu da madubi, ka haska fitilar waya ta ƙofa guda, ka leƙa ɗayar. Ja-ja za ka gani in bangon na nan. Nawa, hasken fari tas yake fitowa, ramin ya kai girman ƙwayar wake.