Ɗankwalin 'yan makaranta da dokar 1905 a Faransa

Ranar Alhamis ɗin da ta gabata, bayan na tashi daga kasuwar Maigatari, na biya in gaida wani aminin mahaifina, mutumin Damagaram, wanda ya yi karatun boko da Faransanci kafin ya koma fataucin dabbobi. Muna zaune a zaure bayan la'asar sai hira ta kai mu ga hana ɗalibai mata sanya abaya a makarantun gwamnatin Faransa, matakin da ministan ilimi Gabriel Attal ya ɗauka a 2023. Na ce masa, "Baba, ai mutanen nan ƙin addini kawai suke yi." Ya girgiza kai ya ce, "Malam, kai da kake koyar da tarihi bai kamata ka faɗi haka ba. Da cocinsu suka fara wannan faɗa, tun ba a san da mu a ƙasar ba."

Gaskiyarsa. Abin da Faransawa suke kira layisite, wanda masu fassara a rediyo kan ce raba addini da mulki, ya samo asali ne daga doguwar jayayya tsakanin jamhuriya da Cocin Katolika. Kafin juyin juya halin 1789 sarauta da coci a haɗe suke, a majami'ar birnin Rems ake naɗa sarki, kuma ilimin yara yana hannun limaman coci. A 1881 da 1882 dokokin ministan ilimi Jules Ferry suka mayar da karatun firamare kyauta kuma dole, suka cire koyar da addini daga manhajar makarantun gwamnati. Sannan ranar 9 ga Disamba 1905 aka kafa dokar da ta raba coci da gwamnati. Sashenta na farko ya ba kowa 'yancin bin abin da zuciyarsa ta yarda da shi da 'yancin yin ibada, na biyu kuma ya ce jamhuriya ba ta ɗauki wani addini a matsayin nata ba, ba za ta biya malamansa albashi ba, ba za ta ba shi tallafi ba. Duk wanda ya karanta waɗannan sassa biyu da natsuwa zai ga cewa hannun hukuma aka ɗaure. Ma'aikacin gwamnati ne aka ce kada ya nuna ɓangarensa a bakin aiki, amma ba a ce wa talaka ya ɓoye nasa ba.

Ko a kan hukumar ma dokar ba ta game ko'ina ba. Yankin Alsas da Mozel yana hannun Jamus a 1905, saboda haka har yau gwamnati ce ke biyan albashin limaman Katolika da fastoci da malaman Yahudawa a can. Majami'un da aka gina kafin dokar mallakar gwamnati da ƙananan hukumomi ne, su ke kula da gyaransu. Tun 1959 gwamnati ke biyan malaman makarantu masu zaman kansu da suka ƙulla yarjejeniya da ita, akasarinsu na Katolika, kuma shida daga cikin ranakun hutu 11 na ƙasar bukukuwan Kirista ne. A Aljeriya kuwa, hukumar mulkin mallaka ta ci gaba da naɗa limaman masallatai tana biyansu, domin ta fi son riƙe su a hannu da ta sake su.

Inda al'amarin ya sauya fuska shi ne 1989, lokacin da aka hana wasu 'yan mata uku shiga aji a garin Kirel, arewa da birnin Faris, saboda sun ƙi cire ɗankwali. Shekara goma sha biyar aka kwashe ana muhawara, har Shugaba Jacques Chirac ya kafa kwamitin nazarin lamarin ƙarƙashin Bernard Stasi, daga nan aka kafa dokar 15 ga Maris 2004 da ta hana ɗalibai sanya alamomin addini na fili a makarantun gwamnati, ban da jami'o'i. A 2010 aka hana rufe fuska a bainar jama'a, tarar Yuro 150. A nan ne nake ganin an juya dokar kakanni, domin nauyin da aka ɗora wa hukuma a 1905 yanzu an sauke shi a kan yarinya 'yar shekara goma sha huɗu.

Ba zan zalunci masu goyon bayan dokar ba, don suna da hujjarsu. A wurinsu makaranta ita ce inda ake ƙera ɗan ƙasa, yaro ya ajiye ƙabilarsa da addininsa a bakin ƙofa ya shiga a matsayin Bafaranshe kawai, shi ya sa ma ƙidayar ƙasar ba ta tambayar addinin mutum. Suna cewa dokar ta shafi hular Yahudawa da babban gicciye, kuma ta kare 'yan matan da ake tilasta wa. Hare-haren ta'addanci na 2015 a Faris da kisan malamin makaranta Samuel Paty a 2020 sun ƙara musu tsoro, kuma ni da nake tsayawa gaban allo kullum ba zan raina wannan tsoro ba. Sai dai masanansu ma ba baki ɗaya suke ba. Jean Baubérot, masanin tarihin layisite da ya zauna a kwamitin Stasi, ya ƙi kaɗa ƙuri'ar amincewa da hana ɗankwalin. Kuma kalmar da a da makamin 'yan gaba-dai-gaba-dai ce a kan coci, yau ta fi yawa a bakin masu ƙyamar baƙi, har 'yar takarar shugaban ƙasa Marine Le Pen ta yi alkawari a zaɓen 2022 cewa za ta hana hijabi a kan titi ma.

Mu ma muna da namu. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, amma a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sanya hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Da na kawo masa wannan, dattijon ya yi dariya ya ce, "To mu fa? Tsarin Faransa muka gada a Nijar, da harshensu jikokina suke karatu a Damagaram, kowace da hijabinta, kuma ban taɓa jin an ce makarantar ta rushe ba." Daga nan ladan ya kira magariba, muka tashi neman buta.