Masta da gam ɗin da ke cikinsa: aikin bugu a zafin Maraɗi

Masu wucewa ta ƙofar shagona a Sabon Gari suna zaton da fotokopi nake ci. Fotokopi kuɗin cefane kawai yake kawowa. Abin da ke riƙe da shagon, har nake biyan haya da yara uku, injinan Riso ne guda biyu da na sayo na hannu, masu aiki da tawada da masta, wato siririn fallen da injin ke huda rubutu a jikinsa don tawada ta bi. Su ke buga takardun jarrabawar makarantu, da darussan da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke haɗa kuɗi su bugo, da rasiɗan ƴan kasuwa, da ƙananan littattafan Islamiyya. In aiki bai kai kwafi talatin ba, fotokopi nake turawa. In ya haura haka, babu abin da ya kai Riso sauƙi, don masta guda ake yankawa, daga nan sai takarda da ɗan tawada, injin kuma yana zubo shafi sama da ɗari a minti ɗaya.

Duk wanda ya yi lakwal a shekarun baya ya san kakan wannan injin, wato roneyo. Sakatare zai cire kirtanin tawada daga keken rubutu ya buga a kan sitansil mai kakin zuma-zuma, haruffa su huda shi, in ya yi kuskure ya shafa wani jan ruwa mai ƙarfin wari ya jira ya bushe. Sannan a ɗaura a injin, a yi ta juya hannu. Wannan dabara ta tsufa ƙwarai, tun 1881 David Gestetner ya yi rajistar irin tasa a Ingila. Kamfanin Riso kuwa Noboru Hayama ne ya kafa shi a Tokiyo a 1946, kuma a shekarun 1980 suka fito da injinan da ke yin komai da kansu. Bambancin kawai shi ne yanzu zafi ke huda sitansil ɗin. Injin zai karanta takardarka, wani dogon ƙarfe mai ɗauke da ƙananan ɗigogin wuta, 300 zuwa 600 a kowane inci, ya ƙona ramuka a jikin masta daidai inda rubutu yake. Sai mastan ya naɗe a jikin ganga, tawada ta riƙa bi ta ramukan tana sauka a kan takarda.

Na daɗe a aikin nan kafin in gane cewa yawancin abin da muke ɗora wa injin, laifin masta ne. Mutum zai kira makanike, a kwance ganga, a sauya roba, a biya kuɗi, gobe matsalar ta dawo, alhali naɗin mastan da aka saka ne ba shi da kyau.

In ka yago ɗan guntun masta ka ɗaga shi a rana, za ka ga gefe guda yana sheƙi, ɗayan kuma gashi-gashi ne. Mai sheƙin leda ce ta foliyesta, dangin robar da ake yin gorar ruwa da ita, amma an miƙe ta tsaye da kwance har kaurinta ya dawo wajen mikron biyu. Gashin kan mutum ya ninka ta sau talatin da wani abu. Wannan miƙewar ita ce sirrin hudawar. Duk wanda ya taɓa ganin ledar burodi ta kusanci garwashin mai shayi ya san yadda take janyewa ta bar rami. Haka ledar masta take yi, ɗigo-ɗigo, cikin ƙiftawar ido. Ita kaɗai ba ta iya tsayuwa, ko iska ta busa sai ta naɗe, shi ya sa ake manna ta a kan wata takarda mai shara-shara irin ta Japan, wadda nauyinta bai wuce giram goma da ɗoriya a murabba'in mita ba, alhali takardar da muke bugu a kai giram 70 ce ko 80. Ana yin ta da zaren abaka, wata shuka dangin ayaba da ake nomawa a Filifin, mai dogon zare mai ƙarfi ko da ya jiƙe, wani lokaci a gauraya da zaren roba. Aikinta biyu ne: ta riƙe ledar, ta kuma bar tawada ta wuce ta tsakanin zarurrukanta. A saman ledar akwai ɗan shafin silikon da ke hana ta liƙe wa ƙarfen wutar nan idan ya yi zafi.

Tsakanin leda da takarda kuwa akwai gam, wanda ba ka ganinsa ko ka ɗaga a rana, kuma a ganina shi ke raba masta mai kyau da na banza. Leda da takarda kowa zai iya saye a inda ake yin su. Haɗa su ba tare da an ɓata su ba, nan gwaninta take.

Abin da ake nema daga gam ɗin nan yana da wuya, domin buƙatun suna karo da juna. Dole ya zama kaɗan ƙwarai, ya kama ledar a kan zare kawai, ya bar ramukan takarda a buɗe. In ya yi yawa, sai ya shimfiɗu tsakanin zarurruka ya toshe hanyar tawada, kuma inda ya taru a bayan leda yakan shanye zafin, ledar ta ƙi hujewa. Sakamakon shi ne baƙin da ya kamata ya fito cif sai ka gan shi da fararen ɗigogi, babban harafin kan takarda ya yi kamar an yayyafa masa gari. In kuma gam ya yi kaɗan, ko ya zama mai rauni, farkon bugu zai yi kyau har ka yi murna da arha. Sai an yi nisa, ganga ta yi ta murza masta a kan takarda ɗari bayan ɗari, ledar ta fara rabuwa da takardarta. Za ka ga layukan tebur sun fara lanƙwasa, siraran layuka na tsaye sun tsinke, cikin harafin o ya cika da baƙi domin ɗan tsibirin ledar da ke tsakiyarsa ya fita. Ban da wannan, tawadar Riso haɗin mai ce da ruwa, mai na waken soya ko na dusar shinkafa a yawancin na yanzu. Gam ɗin yana zaune cikin wannan haɗin tun daga shafin farko har na ƙarshe, dole ya jure mai ya kuma jure ruwa. Masu yin masta sun yi amfani da gam dangin farin gam ɗin kafintoci, da na akirilik, da na foliyuretan, akwai kuma wanda ake busarwa da haske mai ƙarfi maimakon a jira ruwan cikinsa ya tashi. Ba a rubuta maka wanne ne a jikin kwali. A wajen aiki kake ganewa.

Inda na fi gane shi shi ne aikin malaman Islamiyya. Rubutun boko yana da haƙuri, ko harafi ya ɗan cinye mai karatu zai cike da kansa. Larabci da ajami ba su da wannan haƙurin. Ɗigo guda ya ɓace, nun ta zama wani abu, wasali ya haɗe da na kusa da shi, yaro ya haddace kuskure. Akwai wani dattijon malami daga wajen Tibiri da ke kawo mini littafin addu'o'i duk shekara. Ba ya duba shafin farko. Sai an gama ya zaro na ƙarshe daga ƙasan tari, ya sa tabarau, ya bi layi da ɗan yatsa. Ran da na yi masa da wani sabon naɗi, ya nuna mini wuri biyu ya ce, “Ɗana, ina ɗigon nan ya tafi?” Na ce, “Allah gafarta Malam, a farkon bugu yana nan.” Ya ce, “To yaran da za su samu na ƙarshe fa?” Aka sake yanka masta, aka maimaita rabin aikin. Malaman lissafi ma haka suke, alamar ragi da layin kasafi da waƙafin lamba duk sirara ne, su ke fara mutuwa idan gam ya saki. Wani mushe, wato malamin boko, daga wata kwalej a unguwar Zariya kullum in ya shigo abin da yake fara cewa shi ne, “Maigida, da masta mai kyau za a yi mini, ko da ƙari.”

Sannan ga yanayin garinmu, wanda masu haɗa kayan nan ba da shi suka auna ba. A jikin kwali ana cewa a ajiye a wuri mai sanyi, nesa da rana. A Maraɗi, watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Naɗin da ya kwana biyu a irin wannan wuri, gam ɗinsa yakan yi laushi ya tsatso, zagaye ya manne da zagaye, in injin ya ja sai ka ji ƙara ƙyat-ƙyat, ledar ta tattare tun ba a huda ta ba. Ita ma ledar da zafi take aiki, ba ta son a fara gasa ta tun a sito. Da damina matsalar ta juya: takardar tana shan laima ta kumbura, leda ba ta sha, sai mastan ya lanƙwashe kamar yana son komawa naɗinsa, bakin ganga ya kasa cafkarsa, injin ya tsaya yana kuka. Da hunturu kuma bushewa ke sa ledar ta riƙa manne wa duk abin da ta taɓa tana jan ƙura, ƙwayar yashi guda a kan ƙarfen wuta tana iya jan farin layi daga saman shafi har ƙasa.

Saboda haka ba na ajiye masta a shago sai wanda ake aiki da shi. Sauran suna gida a ɗakin ƙasa, cikin ledarsu ta asali, a kan katako ba a kan siminti ba. Ba a buɗe naɗi sai za a saka shi. Kowace safiya yaro yana goge ƙarfen wuta da auduga mai laushi da ɗan alkol. Abin da audugar ta ɗebo shi ke gaya mini halin naɗin jiya: in ta fito da wani danƙo-danƙo, to shafin silikon ɗin bai isa ba, leda da gam suna narkewa suna zama a kan ƙarfen. Irin wannan naɗin ba na ƙara sayensa ko kyauta ne, domin ƙarfen wuta shi ne mafi tsada a cikin injin, kuma ba a samunsa a nan sai an aika.

Kayan namu yawanci ta Kano suke zuwa, su biyo Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa, wasu kuma daga Yamai. Akwai na kamfani na ainihi, akwai na Sin masu shiga injin iri ɗaya a kan kuɗi ƙasa da haka sosai. Ba na cikin masu cewa duk na Sin banza ne. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020, duk abin da hannu ya kai shi muke sakawa, kuma a nan na ga cewa a cikinsu akwai wanda zai buga maka dubu biyu bai motsa ba, akwai wanda ɗari uku ma ba ya kaiwa. Abin haushin shi ne kwalinsu duk kama ɗaya, kuma wanda ya yi kyau a wannan zuwan ba lalle ya yi kyau a zuwa na gaba ba. Sababbin injina kuma suna da ɗan guntun lantarki a cikin bututun naɗin da suke karantawa kafin su karɓa, wanda hakan wani ƙarin abin lura ne wajen saye.

Yadda nake gwadawa ba wani abin mamaki ba ne. Naɗi guda nake fara ɗauka, ba kwali ba. In yanko ɗan tsawon hannu, in liƙa salatif a gefen leda in ɗaga a hankali. Mai kyau ba ya rabuwa salin-alin, sai ledar ta taho da zare a jikinta ko ta yage. Wanda ledar ta ɗago fes, ba ko gashi ɗaya, na san inda za mu ƙare da shi. Sannan ina da wani shafi da na haɗa musamman: baƙin akwati a sama, tebur mai siraran layuka, layi uku na ajami da wasali, da ƙananan haruffa masu lanƙwasa irin su ɗ da ƙ. In yanka masta, in buga, in bar shi a jikin ganga ya kwana cikin tawada, da safe in ƙara bugawa in haɗa na jiya da na yau. Gam mai rauni ba ya tsallake kwanan nan.

Barin masta a jikin ganga dole ne, don in ka bar ta tsirara tawada za ta bushe a ramukanta. Amma lokacin jarrabawa wannan yakan zama haɗari, domin duk wanda ya danna maɓalli zai fitar da tambayoyin. Injin yana da hanyar da yake cire tsohon ya naɗa fari wanda ba a huda ba, kuma ina yin haka a gaban mai aikin, asarar masta guda ce da na riga na sa a lissafi. Wanda aka cire ɗin ma yana karantuwa in an warware shi aka ɗaga a haske, duk da tawadar da ta dame shi. Don haka nakan juye akwatin da suke taruwa a leda in miƙa wa darakta tare da takardunsa, ya je ya ƙona da kansa. Yarana sun san ba a barin ɗalibi ya wuce teburin gaba a waɗannan makonni, ko ƙanen mutum ne.

Sayayyar shekara ina yin ta ne a Satumba, kafin a koma lakwal a Oktoba, lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa, sai in ƙara wani zubin a Janairu. Ba na sayen abin da zai kai ni bazara a ajiye, ko da dillali ya rage mini kuɗi. Aikin jarrabawar ƙarshen shekara yana faɗowa ne a tsakiyar zafi, kuma na fi so in riƙa aikawa Kano kaɗan-kaɗan, in roƙi direba ya sa kwalin a ƙarƙashin kujera maimakon saman mota.