Kafin ku fara haɗiyar bitamin D, ku duba kalsiyam ɗinku

Ƙannena, in an yi muku gwajin jini aka ce bitamin D ya yi ƙasa, don Allah kar ku yi gaggawar sayen ƙwaya, ku fara duba layin kalsiyam a takardar. Ni ban duba ba. Nawa ya ɗan haura iyaka, na ce ai kaɗan ne, na je na sayo bitamin D mai ƙarfi har da na kalsiyam na haɗa ina sha da ka, ba tare da na tambayi kowa ba, ga gajiya ga ƙishirwa ga yawan fitsari da daddare ga mantuwa, duk na ɗora wa aiki. Sai da tsakuwar ƙoda ta kwantar da ni, ciwon da ba na yi wa kowa fatansa, sannan aka auna PTH, sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jini, aka gano inda gizo ke saƙa.

A wuya, bayan tayirod, akwai wasu ƙananan halittu yawanci guda 4 da ake kira paratayirod, su ke fitar da sinadarin PTH. Aikinsa in kalsiyam ya ragu a jini ya ɗago shi: ya zaro daga ƙashi, ya sa ƙoda ta rage zubarwa, ya kuma mayar da bitamin D zuwa nau'in da ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam. To in ɗaya daga cikinsu ta yi ƙari, wanda a kusan kashi 80 cikin 100 na masu ciwo irin nawa haka ake samu kuma galibi ba ciwon daji ba ne, sai ta yi ta zubo PTH ba tsayawa, ƙashi na ta lalacewa a hankali, kalsiyam na ta hawa. Kuma abin da ya fi ruɗar mutane shi ne wannan ciwon da kansa yana iya jawo bitamin D da ake aunawa ya sauka, don jiki na ta juya shi da sauri. Kenan ƙarancin da na gani alama ce kawai, ni kuma na bi alamar na bar ciwon.

Akwai fa ɗaya hanyar, kar a haɗa su. Wani bitamin D ɗinsa ne ya yi ƙasa sosai, ƙasa da 20 ng/mL, sai PTH ya tashi don ya cike giɓi, amma shi kalsiyam ɗinsa daidai yake ko ma ƙasa. Wannan in ƙodarsa lafiya bitamin D ne maganinsa. Bambancin duk yana kan kalsiyam, shi ya sa nake roƙonku ku ce a auna ukun a jini ɗaya, kalsiyam da PTH da bitamin D. Yawancin ɗakunan gwaji iyakarsu ta kalsiyam wajen 8.5 zuwa 10.5 mg/dL ne, in naku ya wuce ku maimaita, in kuma ya hau amma PTH bai sauka ba, ko da yana cikin iyaka, likita ya san akwai magana.

Ban ce mai wannan ciwo ba ya shan bitamin D ba, yana sha, amma likita ne zai tsara kaɗan-kaɗan yana bibiyar jini da fitsari. Ku faɗa masa duk abin da kuke sha, magungunan hawan jini irin tiyazaid da kuma litiyam, maganin taɓin hankali, suna ɗaga kalsiyam, bayotin na gyaran gashi kuma yana iya rikita sakamakon PTH.

Ciwon paratayirod ɗin ya fi kama mata da suka haura 50, don haka ku leƙa takardun iyayenku mata ma. Maganinsa tiyata ce a cire wadda ta yi ƙarin, a hannun ƙwararre fiye da kashi 95 cikin 100 suna warkewa. Ni an cire min, amma hoton ƙashi ya nuna na riga na yi asarar ƙarfin ƙashi a hannu, har yanzu ita ake bi ana gyarawa.